Yara Sun Ce Malamar da Ta Raine Ni Tana Raina Su

Hajja, useko, don Allah ki taimake ni da shawara, kaina ya ɗaure.

Ni mataimakiyar shugaba ce a wata sakandare mai zaman kanta a Yelwa, nan Jalingo. Bara na dawo daga wata bita cike da zumuɗi, na matsa wa mai makarantar, Alhaji Saleh, lallai mu riƙa jin ra'ayin yara kan malamansu duk ƙarshen zango, ba tare da sun sa suna ba. Ya yarda, har ya yabe ni a gaban malamai.

Da sakamako ya fito, wadda ta zo ƙarshe ita ce Mama Margaret, malamar lissafi. Hajja, matar nan ita ta koyar da ni a firamare a Kona. Shekarar da mahaifiyata ta kwanta ciwo, a gidanta nake cin abincin rana. Ita Kirista ce, ni Musulma, amma ba ta taɓa bari lokacin salla ya wuce ni ba. Da ta yi ritaya, ni na taka har gida na roƙe ta ta zo ta taimaka mana.

Kukan yaran kusan ɗaya ne: wai tana raina su, sai su yi tambaya ta yi banza da su, in sun maimaita ta ce surutu suke. Na ce sharri ne kawai, yaran yanzu ba sa son mai tsanani. Sai na shiga ajinta na zauna a baya. Wata yarinya, Hamna, ta yi ta tambaya da ƙarfi, Mama na rubutu a allo, ko waiwaye. Da ta juyo ta ga bakin yarinyar na motsi, sai ta kore ta waje. Ni kaina na kira ta daga inda nake, ba ta ji ba. Nan na gane matsalar. Kunnenta ne ya fara mutuwa, kuma ina jin ta sani, ɓoyewa take yi.

Yanzu Alhaji ya ce tunda ni na kawo tsarin, ni zan sallame ta kafin a dawo hutu. In na faɗa masa gaskiya, ina tsoron ya ce kurma ba ta koyarwa. In na yi shiru, za ta tafi da sunan mai wulaƙanta yara. Shekaranjiya ta kawo min gyaɗa daga gonarta, tana ta sa min albarka, na kasa haɗa ido da ita. Na yi nadamar kawo abin nan. Yaya zan yi?

Ɗalibarta ta jiya, daga unguwar Abbare, Jalingo

Ƙanwata, daina nadama. Ba don kin tambayi yaran nan ba, da har yau ana korar su waje kan laifin da ba su yi ba, ita kuma tana fama ita kaɗai. Yara sun faɗi abin da suka gani, kuma gaskiyarsu ne, dalilin ne ba su sani ba. Shi ya sa ba a sallamar malami da bakin ɗalibai kaɗai, sai babba ya shiga aji ya duba. Ke kin shiga, kin kuma gani.

Kafin ki je wurin Alhaji, ki fara zuwa wurinta, don sirrinta ne. Ki same ta a gida, ba a ofis ba, ki zauna kusa da ita, ki gaya mata abin da kika gani. Za ta ji kunya, wataƙila ta yi fushi. Ki daure. Ki raka ta wurin likitan kunne, wani ciwon yana jin magani, wani kuma na'urar ji ke taimaka masa.

Da izininta, ki kai wa Alhaji bayanin likita, ki nemi a ba ta zango guda, a rage mata yawan yara, sannan a sake jin ta bakinsu. A kuma ba Hamna haƙuri, an zalunce ta.

Amma ki shirya zuciyarki. In an gwada abin bai yiwu ba, yaran nan ma suna da haƙƙi, jarrabawa na jiran su. In ta kama Mama ta bar aji, a yi mata bankwana na girma a gaban kowa, ta fita da sunanta mai kyau.

Allah ya ba ta lafiya, ke kuma ya ba ki ƙarfin zuciyar ƙwanƙwasa ƙofarta.

Hajja