Hular da Ba Ta Zama a Kan Kitso

Gyadi-Gyadi, Litinin

Zuwa ga Anti Dakta Rahila,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya. Ni ce Rabi Shehu ta aji ɗaya, wadda ta tsaya bakin ƙofa ranar da kuka zo makarantarmu da hular nan mai wayoyi ta auna ƙwaƙwalwa. Ban iya magana gaban mutane ba, shi ya sa na rubuto.

Kun ce hular ba ta zama a kan kitso, kuka ɗebi maza kawai. Na koma gida na tsefe shukun da aka yi mini na bikin Yaya Hadiza, Inna ta yi ta faɗa. Washegari na zo, abokin aikinki ya leƙa kaina ya ce akwai mai a gashina, hular ba za ta yi aiki ba, in koma. Anti, wa ke tsifa ba mai? Yanzu Sadiq na ajinmu yana yawo yana cewa an duba an ga kan mata ba abin aunawa. Har Malamin lissafi ya yi dariya. Wallahi ba ku kyauta mana ba.

Ki huta lafiya,
Rabi

Tarauni, Laraba

Ƙanwata Rabi,

Na gaishe ki, ki gaida Inna. Wasiƙarki ta ba ni kunya. Laifinmu ne da ba mu yi tunanin kitso ba tun kafin mu zo. Hular ba ta auna basira, yadda hankali ke tsayawa kan karatu kawai take nunawa. Ki zo ofishinmu ranar Asabar tare da babba, in sa miki da hannuna.

Taki,
Rahila

Gyadi-Gyadi, Alhamis

Anti Dakta,

Ina gaisuwa, Inna tana amsawa. Na gode, amma ki yi haƙuri ba zan zo ba. In an sa mini a ofis, wa ya gani? Kuma ƙawata Uwani da sauran matan ajinmu fa? Maimuna mai kitson layinmu ta ce a nuna mata hular, za ta tsaga mana kai daidai inda wayoyin ke sauka. Ku dawo da ita ajinmu. A gaban Sadiq nake so a sa mini.

Allah ya kawo ku lafiya,
Rabi