Na Ce wa Baba Ya Warke, Alhali Ba Haka Likita Ya Ce Ba

Assalamu alaikum masu karatu. Malam Edita ka sakaya sunana, don a Tudun Wada ko tari ka yi sai an san ɗan gidan wane ne. Don Allah ku ba ni shawara.

Ni akawu ne a wani kantin Turawa nan Zariya. Mahaifina shi ke jan salla a masallacin layinmu tun ban san kaina ba, sai ciwon gwiwa ya sa shi gaba, tun yana dogara sanda har ta kai in ya yi sujada sai mutum biyu sun ɗaga shi. Shekara biyu ke nan da ya bar limanci, a zaune yake salla, kuma wannan ya fi ciwon cin ransa.

Watan jiya na ji an kawo wata sabuwar allura asibiti, wadda ake yi a cikin gaɓar kanta. Da ƙyar da jiɓin goshi na lallaɓa shi muka je. Likitan Bature ne, ni na yi tafinta. Ya mammatsa gwiwar, ya ce guringuntsin ya cinye, ƙashi ke gugar ƙashi, allurar nan ba ta warkarwa, kwantar da ciwon kawai take yi na ɗan lokaci, kuma lallai a hutar da ƙafar, kada ya durƙusa a kanta. Baba ya dube ni ya ce me ya ce? Da na ga yadda ya zuba mini ido, wallahi bakina ya kasa ɗaukar maganar, sai na ce likita ya ce da yardar Allah ka warke. Iyakar abin da na faɗa masa ke nan.

Kwana biyu da allura ciwo ya ɗauke kamar an zare ƙaya. Ashe Baba da abin da ya ƙulla a ransa, wai sallolin da ya yi a zaune bai gamsu da su ba, tunda lafiya ta samu zai rama su a tsaye. Abokan karatunsa suka ce sallar mai larura ta yi, babu ramuwa, ya ce ya fi su sani, amma shi goshinsa ne ke kewar ƙasa. Daga hantsi har la'asar yana kan buzu, ya miƙe, ya yi ruku'u, ya yi sujada, har ya koma jan mutane salla. Kullum in ce gobe zan gaya masa gaskiya, in na ga fara'arsa sai in haɗiye.

Ba a yi sati biyu ba gwiwar ta kumbura suntum kamar ƙwarya, ga zafi rau, ko ƙasa ba ya iya takawa. Yanzu ya ce shi da asibiti har abada, tunda likitansu ya yi masa ƙarya. Ƙanen Baba kuma ya tasa ni gaba da faɗa, wai ni na kai shi aka ɗura masa ruwan Nasara, har ya aika wa wani wanzami a Tudun Jukun ya zo ya yi sakiya, a huda gwiwar da ƙarfe mai zafi ruwan ya fita. An tarar wanzamin ya yi tafiya, Alhamis ta sama zai dawo. Na ruga wurin malamin asibitin da ya riƙe ƙafar ranar allurar, ya ce in aka sa ƙarfe a gaɓar nan ƙazanta ta shiga, sai dai a yanke ƙafar, in kawo Baba maza.

Jiya da rana na shiga ɗakin Baba da niyyar in faɗa masa gaskiya. Kafin in buɗe baki ya kama hannuna, ya ce kada faɗan ƙanensa ya dame ni, shi ya san tun ina yaro ban taɓa yi masa ƙarya ba, Baturen ne zai amsa a gaban Allah. Ya sa mini albarka, na fito ban faɗa masa ba.

Jama'a ya zan yi? In na yi shiru, wanzami na nan tafe. In kuwa na faɗa, ko da ya yarda mu koma asibitin, duk gidanmu ni kaɗai ke jin Turanci. In likita ya yi magana na juyo na ce Baba ga abin da ya ce, da wane kunne zai saurare ni?