Karan Awon Baba

Yaya Sani,

Gaisuwa mai yawa. Ina gajiya, ina iyali, yaya zaman Gwanja? Mu a Yasore sai godiya.

Idon Baba yana tafiya. Shi ya koya mana auna kowane gidan zane da kara wurin saƙa, don in an ɗinke bargon luru zanen ya haɗu baki da baki. Na bayan nan da ya saƙa, ko gida ɗaya bai haɗu ba, kuma an rasa mai gaya mishi. Sai na yi wa karan tsaga-tsaga, don yatsa ya ji awon. Ya shafa, ya ce, "Har ta kai haka, Audu?" Tun ranar bai koma masaƙa ba.

Ka biyo ayarin farko in mahara Maraɗawa sun bar hanya, ya gan ka tun yana gani. A sa mu a addu'a. Inna tana gaishe ka, a gaida mai ɗakinka.

Ƙaninka,
Audu