Numfashin Baba Evelio

Manzanillo, Lahadi

Maigidana Osmany,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya. Yaya sanyin Montebideyo, yaya ciwon bayan nan naka? Mu dai muna nan, da godiya.

Na'urar nan ta zuƙe majina da ka aiko wa mahaifinka ta iso. Tun da likitoci suka huda masa maƙogwaro ban ga ya shaƙi iska haka ba. Da ya fara kakari sai in zura masa 'yar robar, na'ura ta yi gurnaninta, ƙirji ya buɗe. Jiya har kofi ya nuna mini da yatsa, tsoho mai rigima.

Sai dai kamar ka manta garin da ka bari. Wuta sai ta ga dama take zuwa, batirin kuma ba ya kai mu yamma. Gidan burodin Doña Caridad kaɗai ke da janareto, unguwa kaf can take caji. Ka san yadda muke yi: in tambayi wane ne na ƙarshe, in kama layi bayansa, in ruga gida in duba Baba, in dawo. Amma in aka zo kaina, dole in bar na'urar can ta cika. Caridad tsokanata take yi, wai na sake miji, mai wutsiya, kullum ina rungume da shi a titi.

Ka ce in sa ranar tahowa. Ni da ko bakin teku na daina zuwa, ga shi nan ƙarshen titinmu. Na gaji, Osmany, kuma ina kewarka.

Taka har kullum,
Yanelis

Manzanillo, Juma'a

Osmany,

Ina gaishe ka, ina fatan aiki da sauƙi. Baba yana raye, bari in fara da wannan.

Wasiƙarka ta zo, na karanta masa ita duka, har inda ka ce ɗaki ya samu, ni kaɗai kake jira. Da na sani da na tsallake wurin.

Shekaranjiya da rana na jona na'urar a gidan burodi, na ruga gida, na tarar leɓɓansa sun yi baƙi. Babu lokacin komawa. Na ɗauko wata robar, na ce zan zuƙe da bakina. Sai ya damƙe mini hannu. Hannun nan da ya tsufa yana naɗa taba, ashe da sauran ƙarfinsa. Yana kallona ido cikin ido, yana girgiza kai. Ba gigita ya yi ba, hankalinsa ɗaya.

Na fi shi ƙarfi. Na danne shi, na zuƙe, na tofar, na sake zuƙa, har iska ta shiga.

Tun ranar bai yarda mun haɗa ido ba. In na kunna na'urar sai ya juya fuskarsa ga bango. Ban faɗa wa kowa ba, kuma tsoro nake ji.

Gobe ma sai na kai caji. Ubanka ne, Osmany. Kada ka rubuto mini in yi haƙuri. Ka rubuto mini abin da zan yi in ya sake riƙe hannuna.

Matarka,
Yanelis