Tsiryar Moris

Makka, Muharram 1369

Zuwa ga Yaya Wada a Jidda,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Hauwa da yara. Ya dakon kaya a bakin teku?

Yaya, ƙaninka ya jawo wa kansa aiki. Wani tsohon alhaji daga tsibirin Moris ya sauka a ɗakina, ya rasu bayan Arfa. Abin da ya bar mini tsirya ce, 'yar aku koriya mai baƙin baki. Ya ce namijinsu jan baki gare shi, kuma sun kusa ƙarewa, sai a dazukan kan duwatsun tsibirinsu.

Na watsa mata gero kamar tantabarun Harami, ta yi mini kallon da nake yi wa mai taya tasbaha da wulaƙanci. Ashe ba ta sauka ƙasa. Toho take ci da fure, ta riƙe ɗan itace da ƙafa ɗaya tana ɓarewa. Ga ni nan ina bin masu kayan lambun Ɗa'ifa ina roƙon ganye!

Malamin unguwarmu ya ce tsuntsun daji in ya shigo Harami sakinsa ake yi. In sake wa shaho? Sai na kai ta wurin Mahmudu mai rijiya a Arfa, tunda can wajen Harami ne.

Ka bincika mini jirgin da ke bi ta Moris.

Naka,
Rabe

Makka, Safar 1369

Yaya Wada,

Gaisuwa da fatan alheri. Ya ƙafar Hauwa? Na ga saƙonka, Allah ya saka.

Tsirya ta rame. Da asuba sai ta yi kira, ta karkata kai tana jiran amsa, ta koma fige gashinta. Wani attajiri ya so ta don ado a majalisarsa. Ka san ni, ko inuwata a taya zan sayar, amma wallahi na ce masa babu.

Ka riƙe mini kukun jirgin nan ɗan Moris da ka ambata a saƙonka, ko da ƙafarsa za ka kama. Ina tafe a motar Talata, keji a cinyata. A bakin daji zai buɗe mata, ba a kasuwa ba. Sai ya rantse mini.

Ka tuna Baba ya rasu a unguwar Utaibiyya nan Makka yana ambaton komawa Katsina, mu kuwa kullum sai mu ce masa baɗi. Wannan karon ba baɗi.

Kada Hauwa ta shimfiɗa wa baƙuwar tabarma. Reshe za ku nemo.

Wassalam, ƙaninka,
Rabe