Jan Dutsen Wuyan Mama

Yaya Rifkatu,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Yaya jikinki, yaya maigida da yara? Mu nan Kafanchan lafiya, ana ta haƙar citta.

Sau uku ina fara wasiƙar nan ina yagawa. Kin san na fara haɗa sarƙa da 'yan kunne a gida ina sayarwa. Matan zumunta na majami'armu suka ba ni aikin 'yan kunne na bikin godiya, jan dutse ya ƙare mini, a kasuwa kuma babu shi. Sai na buɗe akwatin marigayiya Mama, na tsinke dutsen wuyanta, wanda ta ce a ajiye wa 'yarki Saratu don ranar aurenta. Na ce a raina zan mayar da sabo, ba mai ganewa.

Ran Lahadi bayan sujada, Anti Ladi ƙanwar Mama ta tsayar da wata mata a ƙofar majami'a, ta kama kunnenta ta duba. Ba ta ɗaga murya ba. Ta juyo ta ce, "Talatu, uwarki kika rarraba a kunnuwan mutane?" Na rasa inda zan sa kaina.

Na bi gida-gida ina roƙo. Duk sun dawo mini da su, sai wata baƙuwa da ta tafi da ƙwaya shida, ba wanda ya san garinta. Na sake zura su a zare, amma ya gajarce.

Ki yafe mini, ki sa ni cikin addu'a. Ki gaida kowa. Saratu kam kada ki gaya mata. Hannuna ne ya tsinke shi, bakina ne zai faɗa mata.

Ƙanwarki,
Talatu