Na Aika wa Dagaci Takarda, Ya Cire 'Yarsa Daga Makaranta

Assalamu alaikum Anti Dela. Don girman Allah ki ba ni shawara, kaina ya ƙulle, ga shi saura mako uku a fara jarrabawar fita sakandare.

Ni malamar adabin Turanci ce a wata makarantar 'yan mata tsakanin Gwarzo da Kabo. Bana an ɗora mana wani tsohon littafin Ingila mai kauri kamar bulo, Turancinsa ni kaina sai da ƙamus. Yara su karanta shafi biyu su hau gyangyaɗi. Sai na samo fim ɗinsa da aka yi wa talabijin kashi-kashi, muna kallon kashi ɗaya duk Alhamis. Wallahi Anti, yaran da ba sa buɗe baki a aji suka koma gardama kan wane ne mai gaskiya a labarin. Ban taɓa jin daɗin koyarwa haka ba.

Na san halin Turawa, don haka nakan fara kallo a gida. In wurin da bai dace ba ya zo, in tashi in rufe talabijin ɗin da mayafina, yara su yi ta dariya. Kashin ƙarshe ne ban duba ba, ɗana ya yi zazzaɓi a makon, kuma na san littafin, babu komai a ƙarshensa sai ɗaurin aure. Ashe masu fim sun ƙara nasu. Ina bakin ƙofa muna magana da wata malama na ji aji ya ɗau ihu. Ango ne ya sumbaci amarya a gaban jama'a.

Kafin Juma'a magana ta zaga gari, an ƙara mata gishiri, wai fim ɗin batsa nake nuna wa 'ya'yan mutane. Rufaida, ɗalibar da nake alfahari da ita, 'yar dagacin wani gari ce ta wajen Gude. Ranar Litinin ba ta zo ba. Hankalina ya tashi, na rubuta wa mahaifinta takarda da Turanci, da hatimin makaranta, cewa ana son ganinsa ranar Laraba ƙarfe goma. Na bai wa wata 'yar ajinsu ta kai. An ce a gaban mutanensa aka karanta masa. Bai zo ba, sai dai ya aiko cewa Rufaida ta gama boko.

Shugabar makaranta ta ce in yi shiru ƙura ta lafa. Maigidana ya ce ai ba ni na haife ta ba. Ni kuma ga tausayin yarinyar, ga haushi, don abin da ke cikin wayoyin gidajensu ya fi wannan muni. In je wurin dagacin ne, ko in bari?

Malama Mai Damuwa, Gwarzo

Wa alaikumus salam Malama. Niyyarki mai kyau ce, kuma malamar da ta sa yara gardama a kan littafi ta iya aikinta. Amma shi ma dagacin yana da gaskiyarsa. Amana ya ba ki, ya ji labari a bakin gari kafin ya ji daga gare ki. Batun wayoyi kuwa ki bar shi a cikinki, ba wanda ya taɓa samun afuwa da cewa wasu sun fi shi laifi.

Fim ɗin kuskure ne, takardar ita ce ɓarnar. Mutumin da ake cire takalmi kafin a gaishe shi, kika aika yarinya ta kira shi ƙarfe goma, a gaban talakawansa? Ko da ya so zuwa, kin toshe masa hanya. Zuwa da kai ya fi aike.

Kada ki yi shiru, ƙura za ta lafa ne bayan an gama jarrabawa. Ki fara shiga cikin gida wajen mahaifiyar Rufaida, ki gaya mata komai yadda ya faru, har zazzaɓin ɗanki. Sannan maigidanki ya samo dattijon da dagacin ke jin nauyinsa, limami ko tsohon malami, su yi miki iso. Ki fara da ban haƙuri a kan takardar, bayani ya biyo baya. Kada ki roƙi a wanke ki a idon gari. Abu ɗaya za ki roƙa, a bar yarinya ta rubuta jarrabawarta, ko da ranakun jarrabawar kawai za a riƙa kawo ta daga gida.

Na san da ciwo. Amma durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, balle dagaci. Ke za ki sami wani aji baɗi, ita kuwa ba ta da wata shekarar ƙarshe sai wannan. Ki shirya gobe, kada ki kai jibi. Allah ya sanyaya zuciyarsa, ya zaunar da Rufaida a kujerarta ranar jarrabawa.

Anti Dela